Kacici-kacici a Cikin Kwamfuta

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, in kaka ta yi, aka kai dawa da masara rumbu, aka tsince auduga, yara su kan taru a dandali da dare su yi kacici-kacici. Ɗaya ya ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya sani ya ce, "Tsintsiya." In kuwa duk sun kasa, sai su ba mai tambaya gari, sa'an nan ya faɗa musu amsa. Wasan nan tsoho ne ƙwarai, yana kuwa wasa ƙwaƙwalwa kamar yadda dutse ke wasa lauje.

To, yanzu ana iya shirya irin wasan nan a cikin kwamfuta. Ita za ta yi tambaya, yaro ya zaɓi amsa, ta gaya masa ko ya ci ko ya faɗi. Shirya shi ba wuya gare shi ba. Ɗan aji biyar ma ya iya, in dai ya natsu.

Abin da a ke aikin da shi wata manhaja ce, watau tsarin umurni wanda ke sa kwamfuta ta yi wani aiki. Wadda aka fi sani ita ce PowerPoint. Waɗansu mutane biyu, Robert Gaskins da Dennis Austin, su suka ƙago ta a ƙasar Amurka. Ta fito a shekarar 1987, kamfanin Microsoft ya saye ta a cikin shekarar nan. A wannan shekara kuwa aka fid da Jihar Katsina daga cikin Jihar Kaduna, ashe sa'o'in juna ne. Akwai kuma waɗansu irinta, kamar Impress, wadda a ke samu kyauta, da Google Slides.

Asali an yi manhajar nan domin masu jawabi ne. Mutum ya kan shirya alluna, ko wane allo da rubutunsa da hotonsa, ya riƙa nuna wa jama'a su ɗaya bayan ɗaya. Allunan nan a jere su ke, kamar tashoshin hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta ƙare a Ƙauran Namoda. Jirgi ba ya isa Gusau sai ya bi ta Funtuwa. Haka allo na uku ba ya fitowa sai na biyu ya wuce.

Amma akwai wata dabara da a ke kira mahaɗi. Mahaɗi kamar 'yar hanya ce ta yanke. A kan ɗaura shi a jikin kalma ko hoto, a gaya masa allon da zai kai mutum. Da an taɓa kalmar da linzamin kwamfuta, sai a tsallake sauran alluna, a dira a kan wanda a ke nufi. Dabarar wasan duka a kan mahaɗin nan ta ke.

Mafarin aiki ba a gaban kwamfuta ya ke ba, a takarda ya ke. Manomi ba ya fita shuka sai ya zaɓi iri. Haka yara za su fara zama da malaminsu su rubuta tambayoyi biyar, ko wace tambaya da amsoshi uku, ɗaya ta gaskiya, biyu na ruɗi. Ga misali: "Me a ke kiran 'ya'yan da a ke gurzewa daga cikin auduga?" Amsoshin su ne angurya, da kalwa, da gujiya. Ta gaskiya ita ce angurya. Amsar ruɗi kuwa sai ta yi kama da gaskiya. In aka sa "jaki" a maimakon "kalwa," ba wanda zai tsaya tunani.

Ƙasar nan cike ta ke da abin tambaya. Wace sarauta ce hakimin Malumfashi ke riƙe da ita? Galadiman Katsina. Wane gulbi ne ya faro daga kusa da Funtuwa? Gulbin Sakkwato. Ƙananan hukumomi nawa ke cikin Jihar Katsina? Su 34 ne. Da me a ke yin daddawa tun kaka da kakanni? Da kalwa.

In an gama da takarda, sai a buɗe manhaja. Allo na fari shi ne zaure. A nan a ke rubuta sunan wasa, a zana wani ɗan akwati, a rubuta "Fara" a cikinsa. Sa'an nan a danna maɓallin Ctrl tare da harafin M, sabon allo ya fito. A rubuta tambaya ta fari a sama da manyan baƙaƙe, domin na bayan aji su gani. A ƙasa a zana akwati uku, ko wanne da amsa guda.

Ko wace tambaya tana bukatar waɗansu alluna biyu a bayanta. Ɗaya na wanda ya ci ne. A rubuta masa, "Madalla! Angurya ce. Da ita a ke shuka, ana matse mai daga cikinta, ana kuma ba shanu." A ƙasa a sa akwati mai cewa "Ci gaba." Ɗayan na wanda ya faɗi ne. Ba a zaginsa, ba a yi masa dariya. A rubuta, "A'a, sake tunani. Kalwa daga ɗorawa ta ke, gujiya kuwa a ƙasa a ke tono ta." A ƙasa a sa akwati mai cewa "Koma." Ta haka wanda ya faɗi ma bai tashi a banza ba.

Yanzu sai ɗaura mahaɗai. A zaɓi akwatin da aka rubuta "angurya," a danna Ctrl tare da K. Kwamfuta za ta tambayi inda a ke so mahaɗin ya nufa. A ce mata cikin wannan aiki ne, a nuna allon "Madalla." Akwatin kalwa da na gujiya a nufe su allon "A'a." Akwatin "Koma" ya mai da mutum kan tambayar da ya faɗi. Akwatin "Ci gaba" ya kai shi tambaya ta biyu.

Ga lissafinsa. Tambaya biyar, ko wacce da allo uku, allo 15 ke nan. A ƙara zaure da allon sallama, sun zama 17. Mahaɗai kuwa ko wace tambaya tana da biyar: uku na amsoshi, ɗaya na "Koma," ɗaya na "Ci gaba." Biyar sau biyar 25, da na "Fara" 26.

Akwai wani tarko wanda masu koyo da yawa su ke faɗawa. Manhajar ta saba, in an taɓa ko ina a jikin allo, sai ta wuce allo na gaba. Allon da ke bayan tambaya kuwa shi ne na "Madalla." Ashe yaro zai iya taɓa fili kawai, a yi masa madalla bai amsa kome ba! Saboda haka lalle a shiga wurin da a ke tsara yadda alluna ke sauyawa, a kashe wannan umurni a kan dukan alluna. Daga nan taɓa fili ba ya kai mutum allo na gaba, sai an taɓa mahaɗi, kamar gonar da aka kewaye da shinge aka bar ƙofa.

Wutar lantarki ba ta sallama in za ta ɗauke. Mai hankali ya kan danna Ctrl tare da S bayan ya gama ko wane allo, domin aikinsa ya ajiyu. Wanda ya yi sakaci, aikin yini ya kan ɓace masa cikin ƙiftawar ido.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji, shi ne kuwa mafi girma. A danna F5, wasa ya tashi. A taɓa ko wane akwati, duka 26, a ga inda ya kai. In an ga kuskure a danna Esc, a fita a gyara. Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta san auduga ba, ba ta san ɗorawa ba. Abin da aka gaya mata shi ta ke maimaitawa. In an karkatar da mahaɗi ɗaya, za ta yi wa kalwa madalla, yara hamsin su tafi gida da ƙarya a ka, har su rubuta ta ran jarrabawa. Mugun iri in ya shiga gona, fid da shi aiki ne. Don haka a ke kai wa malami tambayoyi ya duba, a kuma ba wani yaro wanda bai sa hannu cikin aikin ba ya gwada.

Ran wasa, in makaranta tana da majigi, sai a haska a bango. In babu, a ɗora kwamfuta a kan tebur, a raba aji ƙungiya biyu, su riƙa fitowa bi da bi. Irin wasan nan mai sauƙi ba ya ƙidaya maki da kansa. Sai a sa yaro ɗaya ya tsaya da alli, ko kuwa ya riƙa jefa ƙwayar masara a ƙoƙon ƙungiyar da ta ci da taɓawa ɗaya.

Masu amsa su kan ƙaru, amma masu shiryawa sun fi su ƙaruwa, gama sai da suka tambayi manya, suka duba littafi, suka tabbatar da ko wace amsa kafin su rubuta ta.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin mahaɗi?
2. Don me a ke fara rubuta tambayoyi a takarda?
3. In tambayoyi goma ne, alluna nawa za a bukata, har da zaure da allon sallama?
4. Me zai faru in an karkatar da mahaɗi ba a gwada ba?