Baƙon malamin Ingilishi da ranar da komi ya cuɗe

Tun 1962 da 'yan Peace Corps na Amurka suka fara zuwa Nijar koyar da Ingilishi, har suka janye a Janairun 2011, mun saba ganin baƙo riƙe da alli. Wasu malaman kuma daga Gana da Najeriya suke zuwa.

Ranar wahala gare su ba ta wuce ta watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, aji ya cika maƙil, 'yan siziyem sun zo da Hausa daga gida, Faransanci bai zauna musu ba tukuna, ga harshe na uku. Malam ya yi tambaya, shiru. Ya juya ga allo, dariya.

Waɗanda suka daɗe a aikin ba su ɗaga murya, mu ma muna ganin tsawa ɓata lokaci ce. Sukan rufe littafi, su sa yara maimaita gajerun jimloli baki ɗaya, ko su jefa kalmar Hausa ko da a karkace, sai dariyar ta haɗa da su. Gyaran takardu a bar shi sai rana ta yi sanyi. Da dare a fada, wurin shayi, abokin aiki zai gaya wa baƙo yaran da ke isowa aji ba su karya ba.