Shayin ataya a Nima

Nima da Mamobi unguwannin zango ne a Akara, babban birnin Gana. Da marece, samari suna taruwa su dafa shayi. Suna kiran shi ataya.

Ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa. Ana sayen shi a kasuwa. Yanzu wasu suna zaɓen shi ta intanet, mai babur ya kawo musu. Amma hoto ba ya ƙamshi! In ganye ya iso, sai a sunsuna. In yana warin danshi, a maida shi.

Ana tafasa shi cikin ƙaramar buta bisa gawayi, da sukari, har sau uku. Na farko da ɗaci, na biyu daidai, na uku da zaƙi. Kada yaro ya sha na farko da dare: yana hana barci.