Asibitin tafi-da-gidanka: a ina za a ajiye tankin ruwa?

Yau maganar ruwa za mu yi, amma ruwan cikin mota.

Duk ɗan Randagi ya san wahalar kai mara lafiya cikin garin Birnin Gwari, balle da damina. Shi ya sa muke ta kira a mayar da tsohuwar bas asibitin tafi-da-gidanka, ta riƙa zagaya ƙauyuka. To asibiti ba ya yiwuwa sai da wurin wanke hannu, kuma a nan ne ake yawan ɓata aikin.

Ku fara da lissafi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Duro mai lita 200 ke nan nauyin buhun siminti 4. In ka ɗora shi saman mota, ranar da ta faɗa rami za ta iya kifewa. In ka kai shi can ƙarshen baya, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya ƙi jin magana. Wurinsa ƙasa-ƙasa, tsakiyar mota, daidai kan tayoyin baya ko gabansu kaɗan, a ɗaure tam da ƙarfe. Kuma tanki in rabi ne, ruwan na tangal-tangal yana jan mota a kwana, don haka ƙananan tankuna biyu sun fi babba ɗaya.

Sannan tanki iri biyu ne dole: na ruwa mai tsabta da na ruwan datti, kuma bututunsu kada ya taɓa haɗuwa. Na datti ya zauna ƙasa da wurin wanke hannu, bututun ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita. A yi masa lanƙwasa mai riƙe ɗan ruwa don wari kada ya dawo, a fitar masa da hanyar iska waje. Kada a rataye shi ƙasa sosai, gargadar hanyarmu za ta fasa shi.

Don Allah, duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba na ruwan asibiti ba ne, komai wankin da ya sha. Ruwan datti kuma a juye shi a rami, aƙalla mita 30 daga rijiya.

Kafin mai walda ya kunna wuta, a zauna da shi da mai aikin famfo, a zana komai da alli a daɓen motar. Masu wannan sana'a a cikinku, muna jiran gyaranku a ƙasa. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.