Wanke Tsatsa da Lantarki: Kafin Ka Sayar wa 'Yan Gwangwan

Idan damina ta ja baya, a gidajen Achilafiya da ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura ba a rasa fartanya ko lauje ko sifanar makanike da tsatsa ta cinye. Wasu su goge da sanfefa ko giranda, wanda ke cin tsatsar har da lafiyayyen ƙarfen. Wasu kuma su miƙa wa 'yan gwangwan a auna a kilo. Alhali akwai hanyar da ke cire tsatsa ta bar ƙarfen yadda yake.

Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da iska da danshi. Idan aka bi da wutar batir ta cikin ruwa mai sinadari, ƙananan kumfa na fitowa a jikin kayan aikin suna ɓamɓare ta, sauran kuma ta zama baƙar dauɗa mai saukin gogewa. Masanin Ingila Michael Faraday ne ya fayyace ƙa'idojin wannan aiki a 1834, kuma gidajen tarihi na amfani da shi wajen ceto tsofaffin ƙarafa.

Ana bukatar bokitin roba, da ruwa, da sodar wanki cokali ɗaya a kowace lita 4. In babu, tataccen ruwan toka yana yi, don sinadarinsu dangin juna ne. Sai cajar batir mai bolt 12, da guntun rodi. A cire ƙota, a wanke maiƙo, a maƙala baƙar wayar cajar a jikin kayan aikin, jar waya kuma a jikin rodin. Wanda ya juya su, kayansa wutar za ta ci. A tsoma kayan aikin da rodin cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. Mai amfani da batirin mota kai tsaye ya sa ƙwan fitilar mota a tsakani don rage ƙarfin wutar. Tsatsa kaɗan awanni ke ɗauke ta, mai kauri kuwa sai ta kwana.

Kumfan nan iskar haidurojin ce mai kama wuta, don haka a yi aikin a fili, nesa da murhu da sigari da yara. Kada a zuba gishiri, yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kada kuma a sa ƙarfe mai sheƙi irin na cokula a madadin rodi, yana gurɓata ruwan.

Da an fitar, a goge da burushin waya, a shanya a rana, a shafa mai nan take, domin ƙarfe tsirara ba ya jimawa bai sake tsatsa ba. Ramin da tsatsa ta riga ta yi dai ba ya cikewa. Wannan sai maƙeri.

Manoma da masu sana'a, kafin ku kai tsohon kaya sikeli, ku gwada masa bokiti ɗaya tukuna.