Ƙarfen da Ke Tafiya da Takardarsa

Masu saurarenmu na Madawa da Buza da Keita, da duk inda muryarmu ta kai a jihar Tawa, yau zancen jirgin ruwa muka zo da shi. Wani zai ce me ya haɗa mu da teku, mu da ruwanmu bai wuce na Maggiya da Tarka ba idan damina ta yi albarka? To, da yawa daga shinkafar kasuwa da takin albasa ta teku suka biyo, suka sauka Kwatano ko Lome, a jirgin da aka haɗa da fallayen ƙarfe.

A watan Janairu na 1943, wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, yana ɗaure a tashar Fotland ta Amurka. Ba hadari, ba igiyar ruwa, sai sanyi. Kwatsam ya tsage kusan gida biyu. Wasu jiragen da Amurka ta yi wa walda a lokacin yaƙin duniya na biyu su ma sun tsattsage. Aka fara zargin masu walda. Wata masaniya a jami'ar Kambirij ta Ingila, Constance Tipper, ita ta nuna cewa ciwon yana jikin ƙarfen: idan sanyi ya kai wani mataki, sai ya daina lanƙwasa, ya riƙa fashewa kamar tulu.

Shi ya sa a yau aka kasa ƙarfen jirgi mai matsakaicin ƙarfi aji huɗu: A, B, D da E. Dukkansu sai sun jure jan da ya kai kusan kilo 24 a kan kowane milimita murabba'i kafin su fara miƙewa. Inda suka bambanta shi ne sanyi. Ana yanko guntu kamar ɗan yatsa, a yi masa tsaga, a sanyaya shi, a saki guduma mai lilo ta buge shi. Ana gwada B a sifili, D a digiri 20 ƙasa da sifili, E kuwa a 40 ƙasa da sifili.

Hunturun Keita, komai tsananinsa, bai kai can ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne kabon, sinadarin gawayi da ke cikin ƙarfe. A fallen jirgi ba a yarda ya wuce kashi 0.21 cikin ɗari ba, a ajin E ma 0.18. Maƙeranmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Maƙeri yana neman sifirin tsohuwar mota don wuƙa ko gatari, saboda yana ɗaukar kaifi. Amma mai walda ya ɗora masa wuta ba tare da dabara ba, gefen ɗinkin ne zai tsage. Ƙarfe mai ƙarancin kabon shi ke karɓar walda lami lafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne takarda. Kowane falle yana fitowa daga masana'anta da hatimi a jikinsa: ajinsa, sunan wanda ya yi shi, da lambar narkin da aka zubo shi. Sufeto daga wata hukuma mai zaman kanta, irin su Lloyd's Register da ta samo asali a Landan a 1760, ko Bureau Veritas ta 1828, shi ke tabbatar da gwajin. Ko bayan shekara ashirin aka ga tsaga, za a bi lambar har tukunyar da ta dafa shi.

Mu fa? Mai walda a Madawa yana sayen fallensa da ido da kunne: ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya saurari amo. Gwaninta ce, kuma ina girmama ta. Sai dai kunne ba ya auna kauri. Ga ƙofa ko taga, asarar kuɗi ce kawai. Tankin ruwa da aka ɗora a kan hasumiya kusa da makaranta, ko amalanken da ke gangaro duwatsun Buza da buhunan albasa, wannan kuma rai ne a ƙarƙashinsu.

Malam mai walda, ma'aunin kauri ƙaramin abu ne, aljihu yake shiga. Alhaji mai sayar da ƙarfe, idan aikin tanki ne, tambayi wanda ya kawo maka kayan ko akwai takardar masana'anta, ka duba lambarta ta yi daidai da wadda ke jikin fallen.