Tukunyar Lantarki

A ƙasar Kura da Bunkure ana noman shinkafa rani da damina, da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. Waɗansu mata a can sukan dafa shinkafar a tukunyar lantarki. Wannan tukunya takan dafa wake kuma, ta yi miya, ta turara dambu.

Tukunyar biyu ce a haɗe. Akwai ta ciki, inda ake zuba abinci, da ta waje, mai waya. In an gama girki, sai a zare wayar daga bango, a bari ta huce. Ta ciki ake wankewa da sabulu da soso mai laushi. Ba a dirje ta da toka ko yashi, don kada santsinta ya tafi, abinci ya riƙa kamawa. Sai ta bushe sarai ake mayar da ita.

Ta waje kuwa, ba a tsoma ta cikin ruwa, sai dai a goge ta da tsumma. Gama in ruwa ya shiga cikinta, lantarki yana iya jan wanda ya taɓa, har ya halaka shi.