Dutsen Tambora da shekarar da amfanin gona ya ƙi nuna

Ranar 5 ga Afrilu, 1815, mutanen tsibirin Jaba suka ji wata ƙara mai kama da harbin igwa, har hukuma ta tura soja su gano inda abokan gāba suka ɓullo. Ashe dutsen Tambora ne, can a tsibirin Sumbawa na ƙasar da yau ake kira Indonesiya, ya fara aman wuta. Babban tashin hankalin sai ranar 10 ga wata ya zo. Sarkin Sanggar, wata masarauta a tsibirin, wanda ya gani da idonsa, ya ba da labarin cewa wajen ƙarfe bakwai na yamma harsunan wuta uku suka miƙe sama suka haɗe, sannan guguwa ta biyo baya tana tumɓuke itatuwa, tana ɗauke gidaje da mutane da dabbobi. Dutsen da ake ƙiyasin tsayinsa ya kai mita 4,300 ya koma kusan 2,850.

Masarautu biyu, Tambora da Pekat, aka shafe su daga doron ƙasa. Wuta da toka sun hallaka mutum kusan 10,000 nan take, amma waɗanda yunwa da cuta suka ɗauke daga baya a tsibiran Sumbawa da Lombok sun ninka wannan adadi sau da yawa. Toka ta binne gonakin shinkafa, ta ɓata ruwan sha, gudawa ta ɓarke. Wasu sai da suka sayar da kansu bayi don su sami abin kaiwa baki. Abin takaici, yawancin masu ba da tarihin Tambora sukan wuce waɗannan bayin Allah da sauri, su garzaya Turai.

To yaya dutsen Asiya ya hana manomin Turai girbi? Toka nauyi gare ta, cikin 'yan makonni take sauka. Mai ɓarnar nesa iskar farar wuta ce da dutsen ya cilla can ƙololuwar samaniya, sama da inda gajimare ke haɗuwa. A can takan gauraya da danshi ta zama wani siririn hazo mai mayar da hasken rana, kamar yadda buji yake dusashe rana da hunturu. Bambancin shi ne babu ruwan saman da zai wanke shi, don haka yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu yana zagaya duniya. Zafin duniya ya ragu da wajen rabin digiri. A baki kaɗan ne, amma ga shuka mai ƙidayar kwanaki ba kaɗan ba ne.

A Turai da arewacin Amurka, lokacin zafi shi ne lokacin noma, kuma a 1816 zafin bai zo ba. Dusar ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka cikin watan Yuni, sanyi ya sake ƙone masara a Yuli da Agusta. A Turai ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, alkama ta ruɓe a gona, dankali ya lalace. Ga shi an fito daga yaƙe-yaƙen Napoleon ke nan, rumbuna wayam, tsofaffin soja ba aikin yi. Farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, aka yi ta tarzoma a Ingila da Faransa, dubban Jamusawa suka yi ƙaura. A lardin Yunnan na ƙasar Sin ma shinkafa ta ƙi, aka shekara uku ana fama da yunwa. Duk cikinsu babu wanda ya san dutse ne sanadi. Sai bayan kusan shekara ɗari masana suka haɗa zancen.

A masarautar Württemberg ta Jamus, wahalar ce ta sa sarki ya kafa makarantar koyon noma ta Hohenheim a 1818, wadda yanzu jami'a ce.

Irin wannan lamari na aman duwatsu bai bar Afirka a baya ba. Bayan dutsen Laki na Aisland ya yi aman wuta a 1783, ruwan kogin Nilu ya ja baya, yunwa ta afka wa Masar. Wasu masu nazarin yanayi kuma suna ganin aman dutsen El Chichón na Meziko a 1982 ya ƙara tsananta farin da ya addabi yankin Sahel a 1983 da 1984, domin idan arewacin duniya ya yi sanyi, iskar damina takan kasa hawowa arewa yadda ta saba.